'Yar Baƙar Inna

A ofishin ruwa, inda ya shekara goma sha tara yana jera fayil, ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Tsaf-tsaf ake ce masa, kuma sunan ya biyo shi har gida. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a ajiye ba ya aikin komai. In ka bar kofin shayinka ka tafi amsa waya, kafin ka dawo an zubar, an wanke, an kife. Ya taɓa jefa takalmin baƙo ƙafa ɗaya a kwandon shara don bai ga ɗan'uwansa ba, ashe baƙon na durƙushe a bayan ƙofa yana kwance igiyar ɗayan.

Gidan haya suke zaune, hawa na biyu: shi da matarsa da 'yan matansu biyu da mahaifiyarsa, Inna. Ko'ina a gidan ikonsa ya kai, ban da wani ɗan sito a ƙarshen baranda. Wannan na Inna ne, makullinsa kullum yana jikinta. Duk sanda Tsaf-tsaf ya wuce ta wurin, ji yake kamar ƙofar tana yi masa gwalo.

Sai aka yi wa Inna aikin ido. Shekara shida ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, har ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. Bayan aikin aka ce ta zauna sati uku a gidan Auta, ƙanwarsa, don ya fi kusa da asibiti. A gaggawar tafiya ta manta makullin a kan tebur.

Matarsa ce ta fara ganinsa yana juya shi a hannu.

"Baban yara, ka ajiye makullin nan."

"Leƙawa kawai zan yi."

"Na san irin leƙenka."

"Injin wanki yana tsakiyar kicin shekara biyu, kowa ya wuce sai ya buge ƙugu. Ga wuri a banza."

Kafin rana ta yi tsaka ya fito da komai baranda: tukwane marasa murfi, murafai marasa tukwane, laima uku duk a karye, rediyon marigayi babansu, da wani ƙaramin baƙin akwati mai hannu. Ya buɗe akwatin. Keken ɗinki ne ɗan mitsitsi, baƙi, da zanen ruwan zinariya da ya koɗe. Ya ɗan tsaya, don ya san keken. Da ƙararsa ya tashi. Amma sai ya ce a ransa, shekara shida ba ta taɓa shi ba, kuma ko an gyara ido ai ba za a mayar da ita yarinya ba. Ya leƙa titi ya ga mai sayen tsofaffin ƙarafa yana tura baro, ya yafito shi. Cikin minti ashirin baranda ta koma fes.

Kwana huɗu bayan haka Inna ta kira shi a waya, muryarta kamar ta amarya.

"Kai, ina ganin komai! Na ga Auta, ashe ta tsufa. Na ga likitan da nake ta ce wa baba, ashe yaro ne. Yau da safe na zura zare a allura, sau ɗaya tak."

"Kai, madalla, Inna."

"Ka fito mini da 'Yar Baƙa ka goge ta, ka ɗiga mata mai. Ina dawowa zan fara da labulen falonku, don Auta ta nuna mini hotonsa, abin kunya ne."

Ya ajiye wayar a hankali. Matarsa da ke yanka albasa ba ta ko ɗago kai ba.

"'Yar Baƙa tana sito?" ta ce.

"Ki bar ni in ji da abin da ke damuna."

Kwana uku yana tashi daga aiki yana bin masu baro lungu-lungu. Ya tare goma sha ɗaya. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ba shi ba ne, kuma shi kansa bai tuna fuskar mutumin ba, hular kawai ya tuna, su kuwa dukansu da hula. Daga nan ya yanke shawara: keke ai keke ne. Ya shiga kasuwar tsofaffin kaya ya sayi wani baƙi mai zanen zinariya. Sai da mutum biyu suka taya shi hawa da shi bene.

Matarsa ta zagaya keken sau ɗaya.

"Wannan Inna take ɗauka da hannu ɗaya ta hau mota?"

"Baƙi ne dai."

"Tayar mota ma baƙa ce."

Ita ce ta tura shi wurin Mai-gyara, wani dattijo mai ɗan siririn shago tsakanin mai aski da mai yanka makulli. Tabaraunsa da zare ya ɗaure shi a kunne. Tsaf-tsaf ya kwatanta masa keken da hannu, ya ce yana neman irinsa, bai faɗi dalili ba.

"To, ƙananan nan na tafi-da-gidanka," in ji Mai-gyara. "An daina yin su tun kafin a haife ka. Zauna in koya maka, kada a sake cutar ka. Na farko, jikinsu ba ƙarfe ba ne, alminiyon ne, shi ya sa ba nauyi. Ungo mayen ƙarfen nan. Ka manna a jiki. In ya kama, yi gaba abinka. Na biyu, farantin gefensa yana naɗewa sama kamar fiffike, don ya shiga akwati. Na uku, ka kifa shi ka karanta lambar da ke ƙasa, ita za ta gaya maka shekarunsa. Na huɗu, ka sunsuni akwatin."

"In sunsuna?"

"In bai yi warin tsohon mai ba, sabo ne aka yi wa kwalliyar tsufa."

Da wannan ilimi ya samo na biyu a wani shagon wanki da guga, inda suke tokare ƙofa da shi. Maye bai kama ba, fiffike ya naɗe, akwati kuwa warinsa har atishawa ya sa shi. Ya goge, ya ɗiga mai, ya ajiye a ɗakin Inna. Babban kuma ya tura shi ƙarƙashin gadonsu da ƙyar.

Ranar da Inna ta dawo, tun daga matakalar farko take ba da rahoton abin da take gani. Bango ya tsage. Jikokinta sun yi tsawo amma ba sa tsefe kai da kyau. Shi kuma ya yi furfura da tumbi ba wanda ya gaya mata. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kawo 'Yar Baƙa.

Ya ajiye akwatin a gabanta. Ta kama hannun, ta ɗaga, ta mayar ta ajiye.

"Na wane ne wannan?"

"Haba Inna, ko buɗewa ba ki yi ba."

"Shekara talatin ina yawo da ita gida-gida ina yi wa mutane ɗinki. Hannun akwatina ya lotsa daidai yatsuna huɗu. Wannan mai shi bahago ne."

A nan ya kamata ya faɗi gaskiya. Matarsa ma ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa, tana jira. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Af! Wurin gyara na kai ta a duba miki. Lallai mai gyaran ne ya musanya."

"To tashi mu je."

"A'a, ke da likita ya hana shiga rana? Ni zan je."

Daga ranar Asabar ɗinsa ta daina zama tasa. Da mayen ƙarfe a aljihu yake fita, ya bi shagunan teloli, da masu gwanjon kayan gida, da duk gidan da aka ce wata tsohuwa ta taɓa ɗinki. Wani tsohon mai ɗaukar hoto ya ce yana da biyu na matarsa, amma ba ya raba su. Ɗaya baƙi ne, ɗayan kuwa wani kore ne mai haske, kamar ruwan kokwamba. Dole ya haɗa duka. Wannan karon ya yi dabara, ya kai wa Inna baƙin ba akwati, ya ce akwatin ana gyara masa maɓalli.

Inna ta sa a wuta, ta taka sau ɗaya, ta karkata kunne.

"Wannan da hanci take magana. Tawa kuwa sai ta yi tari sau ɗaya kafin ta tashi, kamar babanku da safe."

Na biyar ta ce wuyansa ya cika sheƙi, wanda ya mallake shi bai taɓa ɗinkin gaggawa ba. Sai Tsaf-tsaf ya fara bi da ita ta bayan gida. Wata rana suna shan shayi ya ce, "Inna, wai 'Yar Baƙa ba ta da wata alama ne? Don in gaya wa mutumin."

"Kai ka yi mata ma. Kana shekara uku ka ɗauki cokali ka ƙwala mata a kusa da allura, fenti ya ɓantare. Ranar ka sha duka."

Washegari ya sayo na shida, wanda bai da ko ƙwarzane, ya rufe ƙofar ɗaki, ya ɗauko cokalin miya, ya runtse ido ya sauke masa. Inna ta duba tabon da sabon idonta, ta shafa da ɗan yatsa, ta daɗe tana kallon ɗanta.

"Wannan bugun babba ne," ta ce. "Yaro ɗan shekara uku ba shi da wannan ƙarfin."

A lokacin ɗakin barcinsu ya zama wani abu daban. Keke biyu a ƙarƙashin gado, biyu a kan kabad, ɗaya a bayan ƙofa inda matarsa ta buge ɗan yatsan ƙafa har sau uku. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne mijin nata. Ya sayi ɗan littafi yana rubuta lambar kowane keke da shekararsa da inda ya samo shi. Koren kuwa a kan teburin madubinta ya ɗora shi, ya ture mata kwalaben turare gefe. Ta sha kama shi yana naɗe fiffiken yana buɗewa, yana naɗewa yana buɗewa, yana murmushi shi kaɗai.

"Baban yara, neman na Inna kake yi ko tara naka?"

"Bincike nake yi."

"To ka bincika inda zan riƙa sa ƙafata."

Wata Asabar da hantsi yana zaune a shagon Mai-gyara suna gardama kan wata lamba, sai inuwa ta rufe ƙofa. Inna ce, da baƙin tabaraun da likita ya ba ta, matarsa na bayanta riƙe da jaka, fuskarta na cewa ni ba ruwana.

"Kai ne mai gyaran?"

"Ni ne, Inna. Sannu da zuwa."

"Kai ka musanya mini keke wata biyu kana yi mini wasa da hankali?"

Mai-gyara ya dubi Tsaf-tsaf. Tsaf-tsaf ya zame bayan uwarsa, ya haɗa tafin hannu biyu, ya marairaice fuska. Dattijon ya gane. Ya gyara zaren tabarau.

"Kuskure ne, Inna. A yi haƙuri."

"Kuskure sau huɗu? Har da wanda ka buga wa cokali?"

Mai-gyara ya sake duban Tsaf-tsaf, wannan karon da wani irin ido.

"Aiki ne ya yi yawa," ya ce da ƙyar.

"Ba aiki ne ya yi yawa ba, sani ne ya yi kaɗan. Mutumin da ba ya bambanta keke da keke, me ya kai shi buɗe shago? Ka koma facin taya mana."

Nan haƙurin dattijo ya ƙare. Ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Shekara arba'in da ɗaya ina wannan sana'a! Ido rufe nake gane keke da ƙarar ƙoshiyarsa! Ban taɓa ganin kekenki ba, baiwar Allah. Ki tambayi ɗanki inda ya kai shi, ga shi nan a bayanki yana roƙo na da hannu!"

Mai aski na maƙwabta ya kashe injinsa. Wanda ake yi wa askin ma ya leƙo da rabin kai.

Inna ta juyo a hankali. Tsaf-tsaf bai ma sauke hannuwan ba tukuna.

Ya faɗi komai, kansa a ƙasa: makulli, injin wanki, mai baro. Inna ta nemi wuri ta zauna a kan benci, ta cire tabarau ta riƙe a cinya. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

"Ranar da babanku ya kwanta ciwo," ta ce, "ku biyar ne, babbanku kai, kana aji huɗu. Da ita na fita. Ba ta taɓa tsaya mini a gidan mutane ba ko sau ɗaya." Ta ɗago ta dube shi. "Da tsada dai ka sayar da ita?"

"Kyauta na ba shi, Inna."

"Kyauta!"

"Har na ƙara masa da laima."

Mai askin ne ya fara fashewa da dariya, ya toshe baki da tawul. Mai-gyara, wanda ransa ya riga ya huce, ya ɗaga kujerarsa ya zauna.

"Da ka gaya mini gaskiya tun farko, ai da ba ka sha wannan yawon ba. Duk mai baron da ya tsinci irin wannan a garin nan, wuri ɗaya yake kai shi. Akwai wata Malama, tsohuwar shugabar makaranta, tana tara su. Ni dai ba zan raka ku ba. Ta taɓa tsayawa a nan ta gyara mini rubutun allon shagona da jan biro, a gaban mutane."

Gidan Malama a ƙarshen wani titi yake, mai shuke-shuke a gwangwanaye, kowanne da sunansa a rubuce. Doguwa ce siririya, tana tafe kamar har yanzu ana buga ƙararrawa in ta fito. Ta saurari bayaninsu a tsaye, ta ce su cire takalmi, su wanke hannu, kuma kada wanda ya taɓa komai.

Ɗakin da ta kai su kanta ne daga ƙasa har sama. Kekuna talatin da ɗaya, kowanne a kan akwatinsa, kowanne da ɗan kati a gabansa. Tsaf-tsaf ya tsaya yana bin su da kallo. Bai taɓa ganin abu a jere da kyau haka ba, har da fayilolinsa.

Inna ba ta karanta kati ko ɗaya ba. Ta bi kanta na farko, ta bi na biyu, a na uku ta tsaya.

"Ke!" ta ce. "Nan kika zo kika zauna?"

"Wannan kam ba zai zama naki ba," in ji Malama. "Shi ne mafi daraja a ɗakin nan. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma na tambayi duk 'yan ƙungiyarmu ta masu tarawa, ba wanda ya gani. Dubi sandar da ake sa zare a kai. Ta sauran kauri gare ta, wannan siririya ce mai lanƙwasa. Sannan a ƙasansa, ban da lambar kamfani, akwai wasu lambobi biyar da aka zana da hannu. Ina kyautata zaton alamar masu duba aiki ce a masana'anta, wato keken gwaji ne da bai kamata ya fito kasuwa ba."

"Talatin da biyu," in ji Inna. "Talatin da huɗu. Talatin da shida. Talatin da tara. Arba'in da biyu."

Malama ta dubi katin da ke hannunta, ta dubi Inna. Inna ta ci gaba.

"Awon ƙugun mijina ne. Duk sanda ya ƙara ƙiba sai ya rantse wandon ne ya tsuke a wanki, shi yana nan yadda yake. Shi ne na riƙa zanawa da tsinin almakashi, in ya yi gardama in kifa keke in nuna masa."

"Sandar zaren fa?" Muryar Malama ta yi ƙasa.

"Wayar tayar kekensa na hawa ce. Ta asalin kuwa, Auta ce ta haɗiye rabinta, ko ta jefa a rariya, har yau ba mu sani ba."

Malama ta jawo kujera ta zauna.

"Shafi huɗu na rubuta wa ƙungiya a kan lambobin nan," ta ce. "An karanta a taro. An tafa mini."

"Allah sarki," in ji Inna, da gaske kuma take. "Sa ta a wuta ki ji. Za ta yi tari sau ɗaya."

"Ban taɓa tayar da shi ba. Ba na tayar da su."

Inna ba ta jira izini ba. Ta sauke fiffike, ta jona waya, ta zaro hankicin ɗanta daga aljihunsa ta sa a ƙarƙashin allura, ta taka. Keken ya yi ƙyat sau ɗaya, sannan ya ɗauki wani lallausan sauti, ya tafi. Inna ta bi ɗinkin har ta kai ƙarshen hankicin. Matar Tsaf-tsaf ta ga surukarta ta mayar da baƙin tabarau, alhali ba rana a ɗakin.

Malama ta gyara murya. "Na yarda naki ne a da. Amma ni ba na sayarwa."

"Ni ma ba na sayen abina."

Suka zuba wa juna ido, tsofaffi biyu da ba wadda aka taɓa kayarwa a gardama. Tsaf-tsaf ya fara wani dogon bayani kan fahimtar juna, ba wadda ta kalle shi. Matarsa ce ta gaji, ta zaro waya.

"Malama, in kekuna kike so, ki zo ki kwashe na ɗakina don Allah. Dubi inda nake kwana."

Malama ta karɓi wayar don ladabi kawai. Sai ta matso da ita kusa da ido. Ta buɗa hoton da yatsu biyu.

"Wannan koren da ke gaban madubi. Fentinsa na asali ne?"

"Na asali ne," in ji Tsaf-tsaf da sauri. "Na duba ƙarƙashin faranti, launi ɗaya ne ciki da waje. Da akwatinsa, da ɗan littafinsa, da kwarkwaro shida."

"Shekara tara ina nemansa." Ta miƙe tsaye. "Ku kawo shi, ku ɗauki naku."

Kowa ya juya ya kalli Tsaf-tsaf. Shi kuwa ya yi tsuru-tsuru, yana shafa aljihu.

"Wato... akwai wani babba a ƙarƙashin gado, mai ƙarfi ne sosai. Ko na bahagon, shi ma lafiyarsa lau."

"Koren," in ji Malama.

"Ai shi koren, ban gama bincike a kansa ba."

Inna ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta dube shi ta sama.

"Tawa ka ba mai baro kyauta har da laima. Taka ce ba ta bayuwa?"

Da yamma ya kawo shi da kansa, a rungume. Sai da ya goge shi sau biyu a bakin ƙofa, ya gaya wa Malama irin man da yake so, ya roƙi a bar shi ya riƙa zuwa dubawa. Malama ta ce ranar Laraba, ƙarfe huɗu zuwa huɗu da rabi, da wankakken hannu.

Labulen falo ya samu kalmasa a satin. Amma maganar ba ta ƙare a nan ba, don Inna ta kasa haɗiye abu ɗaya: mace da keke talatin da ɗaya, ba ta iya ɗinka ko gefen hankici ba. Ta aika mata cewa ta zo ta koya. Malama ta aiko cewa ita ta wuce zama ɗaliba. Ranar Alhamis sai ga ta da sabon littafi da biro biyu.

'Yan matan gidan suka riƙa laɓewa a bayan ƙofa don su ji yadda ake yi wa shugabar makaranta tsawa.

"Ki daina jan yadin, ba kunnen ɗalibi ba ne! Ki bar shi ya tafi da kansa."

"A littafi an ce..."

"Rufe littafin. Farke wannan, ki sake."

Bayan sati biyar Inna ta ce lokaci ya yi da ɗaliba za ta ɗinka riga sukutum, kuma ana bukatar wanda zai sa. Ba ta ɗaga murya ba, sunan ɗanta kawai ta kira. Ya tsaya a tsakiyar falo da hannuwa a buɗe, Malama na auna shi tana rubutawa, tana sake aunawa don lissafin bai yi mata daidai ba.

Rigar ta fito ruwan toka. Hannun dama ya rufe masa yatsu, na hagu ya tsaya a kan agogo. Aljihun ya karkata kamar yana sauraron wani abu, maɓalli bakwai, ƙofofinsu shida.

"Ta yi ƙoƙari," in ji Inna. "Litinin za ka sa ta zuwa ofis."

"Inna, ofis fa? Ko dai in riƙa sa ta a gida?"

"A gida wa zai gani?"

Ranar Litinin ya shiga ofishin ruwa da hannun dama a naɗe sau uku. Mai gadi ya gaishe shi yana kallon sama. Masu buga takardu suka sunkuyar da kai a kan injinansu, kafaɗunsu na rawa. Wajen ƙarfe goma shugaban sashe ya zo karɓar wani fayil, ya tsaya ya ƙare masa kallo daga wuya har ƙugu.

"Tsaf-tsaf, lafiya? Wane tela ne ya yi maka wannan aika-aika?"

"Ɗinkin gida ne, ranka ya daɗe."

"A gidan ba a son ka ne?"

"Ana so na. Laifi na yi."

Shugaban ya gyaɗa kai kamar mutumin da shi ma yana da uwa. Ya ɗauki fayil ɗinsa ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo.

"An ce kana sayen tsofaffin kekunan ɗinki. Akwai wani ɗan ƙarami a gidan surukata, a cikin akwati, yara na zama a kai. Ina jin ja ne."

Tsaf-tsaf ya miƙe har hannun rigar ya warware ya zubo.

"Ja? Ranka ya daɗe, ƙarfe nawa take tashi daga barcin rana?"